Shin ajiye kwafin manhaja don gudun ɓacin rana satar fasaha ne?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ce mai riƙe da lissafin wata ƙungiyar manoman albasa a jihar Tawa. Shekarun baya mun sayi manhajar lissafi da kuɗin ƙungiya, muka sa ta a kwamfutar ofis. A bazarar da ta wuce kwamfutar ta mutu, mai gyara ya sha wahala kafin ya ceto mana littattafanmu. Yanzu ina so in kwafe komai, da Windows da Office da manhajar lissafin, in ajiye ɗaya a ofis, ɗaya wajen yayana a Yamai, ɗaya kuma a intanet. Sai wani ya ce mini yin haka satar fasaha ne, har ana iya kai mu kotu. Ga shi kuma wata ƙungiya maƙwabciyarmu ta roƙe mu aron kwafin kafin ta samu kuɗin sayen tata. Mene ne ya halatta, mene ne bai halatta ba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Idan na fahimce ki, abubuwa uku kike son sani: ko doka ta yarda ki kwafi manhajar da kuka saya don ajiya, ko kwafi nawa za ki iya yi kuma a ina za ki ajiye su, sannan ko za ki iya miƙa wa maƙwabta. Na daɗe ina kula da kwamfutocin ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyi a nan Yamai, kuma wannan tambaya ba ta cika zuwa mini ba sai bayan na'ura ta riga ta mutu. Saboda haka na ji daɗin yadda kika tsaya yin ta tun kafin ɓarna ta biyu. Wanda ya tsoratar da ke ya faɗi wani ɓangare na gaskiya, ya bar wani. Ajiye kwafi don maye gurbin wanda ya lalace halal ne a doka, amma wannan kwafin ba shi da wani haƙƙi na kansa: yana rataye ne a wuyan lasisin da kuka saya, duk inda lasisin ya tsaya nan shi ma yake tsayawa.

Me kuka saya tun farko?

A nan ne yawancin ruɗanin yake farawa. Idan kika sayi buhun iri a kasuwa, buhun da abin da ke cikinsa naki ne, ki shuka ko ki kyautar. Manhaja, wadda a bakinmu na yau da kullum muka fi kira lojisiyel, ba haka take ba. Doka tana kallonta kamar littafi, wato aikin basira ne da ke da mai shi. Yarjejeniyar cinikayya ta duniya kan haƙƙin mallakar basira ta 1994 ta ce a kare manhajojin kwamfuta kamar yadda ake kare ayyukan adabi. A yankinmu, Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kula da haƙƙin mallakar basira, mai mazauni a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, aka sabunta ta a 1999 da 2015, kuma rataye na bakwai na wannan yarjejeniya shi ne ya ƙunshi ayyukan adabi da fasaha har da manhajoji. A cikin gida muna da dokar haƙƙin mawallafi ta watan Disamba 2010, ga kuma ofishin BNDA da ke kula da wannan fanni.

Abin da kuɗin ƙungiyarku ya saya shi ne izinin amfani bisa sharuɗɗa. Sharuɗɗan nan su ne dogon rubutun da ke fitowa lokacin girka manhaja, wanda kowa yake danna amincewa ba tare da ya karanta ba. A ciki ne aka faɗi kwamfuta nawa za a sa wa, mutum nawa za su yi aiki da ita, ko izinin na har abada ne ko na shekara, da ko ana iya mayar da shi kan wata na'ura. Faifan sidi ko fayil ɗin da kika sauko da shi daga intanet mazubi ne kawai.

Abin da doka ta bai wa mai saye

Masu tsara doka sun san faifai yana karcewa, na'ura tana ƙonewa. Shi ya sa ratayen yarjejeniyar Bangi ya bai wa wanda ya mallaki kwafin manhaja ta halattacciyar hanya damar yin kwafi ba tare da neman izinin mai ita ko ƙarin biya ba, matuƙar kwafin na ajiya ne, don maye gurbin na asali idan ya ɓace, ko ya lalace, ko ya daina aiki. Ya kuma gindaya sharaɗin da mutane suke mantawa da shi: ranar da riƙon na asalin ya daina zama halal a hannunki, dole a lalata na ajiyar. Ma'ana, idan kun sayar da lasisin, ko kun kyautar, ko wa'adinsa ya ƙare, ba ku da hujjar ci gaba da riƙe kwafin.

Tun da yawancin manhajojin da muke aiki da su daga Amurka da Turai suke zuwa, yana da kyau ki san yadda abin yake a can, domin daga can aka rubuto sharuɗɗan. A Amurka, sashe na 117 na dokar haƙƙin mawallafi, kamar yadda aka gyara shi a 1980, ya yarda mai mallakar kwafi ya yi na ajiya. Sai dai kamfanoni sun sami ƙofa, suka riƙa rubuta cewa ba sayar maka suka yi ba, izini suka ba ka, kuma a 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta goyi bayan wannan fahimta a shari'ar da ta shafi kamfanin Autodesk. Tarayyar Turai ta fi tsaya wa mai saye: dokarta ta 1991, wadda aka sake tattarawa a 2009, ta ce babu kwantaragin da zai hana mai halattaccen amfani yin kwafin ajiya idan amfanin yana buƙatarsa. Faransa ta sa wannan a kundin dokokinta. Amma kotun Tarayyar Turan ta ja layi a 2016, ta ce ko da faifan asali ya lalace ko ya ɓace, ba ka da ikon sayar wa wani kwafin ajiyarka sai da izinin mai manhajar. Hanyoyin sun bambanta, amma duk sun haɗu a wuri guda: kwafin ajiya na mai lasisi ne shi kaɗai, kuma a kwance yake har ranar da na asali ya faɗi.

Na kan kwatanta wa mutane da makullin shagon haya. Ba wanda zai zarge ki don kin yanka makulli na biyu kin ba yayanki ajiya saboda gudun ɓacewar na hannunki. Zargin yana farawa ne ranar da wani ya karɓi makullin ya buɗe shagon ya baza nasa kayan, alhali mai shago kuɗin mutum ɗaya ya karɓa.

Akwai kuma kalmar "halattacciyar hanya" da bai kamata mu tsallake ta ba, domin mun san yadda kasuwarmu take. Kwamfutoci da yawa da ake sayarwa na hannu suna zuwa da Windows da Office da mai shago ya girka da lambar da ba tasa ba, ko da fasasshiyar manhaja. Yin kwafin ajiya ba ya wanke irin wannan. Kafin ki damu da yawan kwafi, ki fara tabbatar da cewa kowace manhaja da ke kan na'urar tana da resi ko fakitir da sunan ƙungiya.

Kwafi uku da kike son yi

Masu aikinmu suna da ƙa'idar da suke bi: kwafi uku, a kan mazubi iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Ƙa'ida ce mai kyau, kuma a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, ba na ba kowa shawarar ya yi ƙasa da haka. Matsalar ita ce nassin doka kwafi ɗaya yake ambata, kuma sharuɗɗan Windows 10 su ma kwafi ɗaya suka ce. To, yaya za a haɗa biyun?

Abin da nake yi shi ne in raba kayan gida biyu. Littattafan lissafinku, da sunayen mambobi, da bayanan buhunan da aka saya da waɗanda aka sayar, da wasiƙu, duk naku ne. Ba kamfanin da ke da haƙƙi a kansu don kawai da manhajarsa aka rubuta su. Waɗannan ki yi musu kwafi uku, ki yi biyar in kin so, ɗaya a ofis, ɗaya a Yamai, ɗaya a intanet. Su ne ma abin da ba a iya sake saye idan ya salwanta. Ki dai kulle su da kalmar sirri, domin bayanan mutane amana ne, kuma ƙasarmu tana da hukumar kare bayanan sirri ta HAPDP.

Su kuwa manhajojin, buƙatarsu ba ta kai haka ba. Microsoft da kansa yana ba da damar sauko da fayil ɗin girka Windows daga shafinsa, don haka tara kwafinsa uku bai ƙara miki komai ba. Manhajar lissafin ce ke buƙatar kulawa, musamman idan tsohon zubi ne da kamfanin ya daina rarrabawa. Ita ki ajiye kwafi ɗaya mai kyau a wajen ginin ofis, na asalin kuma ya zauna a ofis, kin ga wurare biyu ke nan ba tare da kin ƙetare komai ba. Idan kina son na uku, ki rubuta wa wakilin da ya sayar muku, ki faɗa masa kwafi nawa za ki ajiye da inda za su zauna, ki nemi amsa a rubuce. A iya aikina, masu sayar da manhajojin ofis ba sa ƙin wannan, domin abin da ke damunsu shi ne na'ura nawa ke aiki da manhajar, ba faifai nawa ke kwance a akwati ba. Amsar tasu ki buga ta a takarda ki haɗa da fakitir.

Game da intanet, sa fayil a ma'ajiyar da ke kaɗai ke da mabuɗinta ajiya ce kamar kowace. Abin yana canza suna da zarar kin buɗe mahaɗin kin tura shi zauren WhatsApp, domin a lokacin ya zama rarrabawa. Haka ma faifan da ke wajen yayanki: ki gaya masa a fili cewa ajiya ce, kada yaran gida su girka a tasu kwamfutar.

Inda mutane suka fi faɗuwa

Nan ne nake so ki fi natsuwa, domin a shekarun da na yi ina wannan aiki ban cika ganin an rasa kwafi ba. Abin da ake rasawa shi ne hanyar tayar da shi.

Mai gyara zai iya ɗaukar hoton dukan faifan kwamfutar, wato ya kwafe shi yadda yake da duk abin da ke ciki. Idan faifan ne kaɗai ya mutu, aka sa sabo a cikin na'urar nan dai, aka mayar da hoton, babu wata matsala. Amma idan na'urar ce gaba ɗaya ta tafi, sai a duba irin lasisin. Windows ɗin da ya zo tare da kwamfuta daga masana'anta, wanda ake kira OEM, a ɗaure yake da wannan na'urar, yana mutuwa da mutuwarta. Tun daga Windows 8 a 2012 ma, lambar mabuɗin a cikin allon na'urar ake binne ta, ba a kan takardar da ake mannawa ba. Wanda aka saya shi kaɗai a kwali ko a shafin kamfani shi ne ake iya mayarwa kan sabuwar na'ura, da sharaɗin an cire shi daga tsohuwar. Idan kika mayar da hoton tsohuwar kwamfuta a kan sabuwa, ko da ta tashi, lasisin tsohuwar bai biyo ta ba. Haka nan idan aka tayar da hoton a matsayin kwamfutar kwaikwayo a cikin wata kwamfuta, galibin sharuɗɗa suna lissafa ta a matsayin na'ura ta daban.

Sai lasisin haya, irin Microsoft 365, wanda ake biya wata-wata ko shekara-shekara. Zanen aro ba ya rufe katara. Irin wannan yana neman ya ga intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30 don ya tabbatar an biya, kuma idan biya ya tsaya zai bar ki ki karanta takardunki amma ba zai bari ki gyara ba. Kwafin ajiyarsa ba ya tsinana komai bayan wa'adi. Kamfanin Adobe ya koma wannan tsari a 2013, Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin a 2016, kuma manhajojin lissafi da yawa sun bi sahu.

Mafi ciwo shi ne na uku: kin biya lasisin dindindin, kwafinki lafiya lau, lambarki tana hannu, amma na'urar kamfanin da ke tabbatar da lambar an kashe ta. A ƙarshen 2012 Adobe ya rufe na'urorin tabbatarwa na jerin manhajojinsa na CS2, sai ya fitar wa waɗanda suka riga suka saya zubin da ba ya buƙatar tabbatarwa. Ba kowane kamfani ke yin haka ba, wani ma rufewa yake yi ɗungurungum. Na taɓa zama kwana uku a ofishin wata ƙungiya a nan Yamai da irin wannan. Suna da faifan asali da kwafinsa, an ajiye su tsaf, amma manhajar ba ta buɗewa sai an soka wata ƴar kile ta kariya a jikin kwamfuta, kilen kuwa ta ƙone tare da tsohuwar na'urar, wakilin da ya sayar musu ya daɗe da barin sana'ar, fakitir kuma ba a san inda take ba. Lissafin shekaru yana nan a gabanmu, ba ma iya karanta shi. Da ƙyar muka sami uwar kamfanin a waje, kuma abu na farko da suka tambaya shi ne shaidar saye. Tun daga ranar nake fara kowace ajiya da takardu.

A irin wannan hali ne wani zai ce a fasa kariyar kawai, ai an biya. Na san zafin da ke sa a faɗi haka, amma ba na ba da wannan shawara. Damar yin kwafi daban take da damar karya makulli, kuma dokokin ƙasashe da yawa sun ware karya kariyar a matsayin laifi mai zaman kansa. A Amurka dokar 1998 ce ta yi haka, kuma sai a 2018 aka sassauta wa ɗakunan karatu da gidajen adana tarihi don su ceci tsofaffin manhajojin da aka daina sayarwa, sassaucin da bai shafi ofis irin naku ba. Ban da doka ma, kayan fasa manhaja su ne babbar ƙofar da ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shigowa, kuma na'urar da ke riƙe da kuɗin manoma ba wurin gwaji ba ce.

Saboda haka ambulan ɗin ajiyarki ya ƙunshi fakitir da sunan ƙungiya, da lambar mabuɗi, da kwafin sharuɗɗan yadda suke ranar saye tun da kamfanoni suna canza su, da lambar zubin manhajar, da adireshin imel ɗin da aka yi rajista da shi. Wannan na ƙarshen ki duba shi yau: sau da yawa mai gyara ne ya yi rajistar da imel ɗinsa don sauri, ranar da ya yi tafiya lasisin ya tafi tare da shi. Lambar mabuɗin kada ta zauna a faifai ɗaya da manhajar. Kuma sau ɗaya a shekara, bayan an gama cinikin albasa hankali ya kwanta, ki sa mai gyara ya gwada mayar da ajiyar a gabanki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shekara goma na littattafan lissafi

Akwai dalilin da ya sa batun naku ya fi na mai kwamfutar gida nauyi. Dokar lissafi ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka wadda Nijar take ciki, ta wajabta ajiye littattafan lissafi da takardun shaida tsawon shekara 10. Tsarin lissafinta na SYSCOHADA da aka sabunta ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, wato littattafan 2017 da aka rubuta da tsohon tsari har yanzu ana iya neman su zuwa 2027. A wannan tsakanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, ya kuma sa 14 ga Oktoba 2025 ta zama ƙarshen tallafin Windows 10. Kin ga wajibcin da ke kanki ya fi manhajar da kika rubuta da ita tsawon rai.

Maganin da na fi amincewa da shi shi ne kada karanta littattafanki ya dogara da lasisin kowa. Duk ƙarshen shekarar lissafi, ki fitar da babban littafi da ma'auni da sauran rahotanni zuwa PDF, zai fi kyau nau'in PDF/A da aka tsara don doguwar ajiya tun 2005, ki kuma fitar da alƙaluman zuwa CSV wanda kowace manhajar jadawali ke buɗewa. Don wasiƙu da jadawali na yau da kullum, ki duba LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta mai aiki irin na Office. Ita da Linux da ire-irensu suna ƙarƙashin lasisin da ya yarda a kwafa, a ajiye, a raba wa kowa, don haka duk wannan lissafin kwafi ɗaya ko uku bai taso ba. Ba na cewa za su maye gurbin manhajar lissafinku, domin wannan ya danganta da abin da mai binciken asusunku yake karɓa.

Ni ma'aikacin kwamfuta ne, ba lauya ba, kuma ban ga kwantaragin manhajarku da idona ba. Idan a ciki akwai sharaɗin da ya saɓa wa abin da na bayyana, ko wani ya aiko muku da takardar gargaɗi, ki kai ta wajen lauya ko ki tuntuɓi BNDA kafin ki ɗauki mataki.

Roƙon maƙwabta

Wannan kam bai halatta ba, ko da aro aka kira shi, ko da ba a karɓi ko dala ba. Ranar da suka girka kwafin, ofisoshi biyu ne ke aiki da izinin ofis ɗaya. Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Kuwait a 1988 ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare. Akwai kuma haɗarin da ya shafe ku kai tsaye: idan kamfanin ya ga lamba ɗaya tana tashi a na'urori biyu yana iya toshe ta, sai ku da kuka biya ku wayi gari littattafanku a rufe a tsakiyar kakar ciniki.

Na san ƙin taimakon maƙwabci yana da nauyi a wajenmu, kuma akwai abin da za ki iya yi musu. Ki girka musu LibreOffice su fara riƙe lissafinsu a jadawali, ki nuna musu yadda kuka tsara naku. Ki haɗa su da wakilinku ki tambaya ko akwai rangwame idan ƙungiyoyi biyu ko uku suka saya tare, ko zubin gwaji na ɗan lokaci da za su riƙe kafin kuɗinsu ya taru. Idan kuma wata rana kuka koma wata manhajar kuka bar wannan, ki duba ko sharuɗɗan sun yarda a mayar da lasisin ga wani. In sun yarda, sai a yi shi a rubuce da sanin wakilin, ku miƙa musu faifan asali da lambar da fakitir, ku goge ta daga kwamfutarku, ki kuma aika wa yayanki a Yamai ya goge wadda ke hannunsa.